In Ɗanka Na Jos Ya Nemi Kwamfutar Wasa, Ga Abin Dubawa Kafin Ka Kwance Lalita

Da yawa daga cikinmu da ke neman abinci a Mile 12, ko Agege, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, iyalinmu suna can Jos muka baro su, wasu a Gangare, wasu a Anguwar Rogo, wasu a Rikkos ko Bukuru. A zamanin da, in wasiƙar yaro ta iso Kurmi, abin da za ka tarar a ƙarshenta bai wuce roƙon keke ko rediyo mai kaset ba. Yanzu kuwa waya zai bugo maka, bayan gaisuwa ya ce kwamfutar wasa yake so, sa'an nan ya turo maka jerin haruffa da lambobi waɗanda ko malamin lissafi sai ya gyara zama.

Nan ne magidanci kan rasa ta cewa. Mutumin da zai dubi sa ya faɗi kuɗinsa, ko ya ɗaga kwandon tumatir ya san ko an yi masa ciko, sai ga shi a gaban abin da bai san kansa ba. Daga nan ɗayan biyu ne: ko ya hana ɗungurungum, a yi ta fushi, ko ya aika da kuɗin ido rufe, su tafi a kan akwati mai fitilu ja da kore wanda ba ya aikin kirki.

Maganar ko ya dace a saya wa yaro, wannan tsakanin uba da ɗansa ne, kowa ya san halin nasa da yadda karatunsa ke tafiya. Amma yana da kyau a sani, injin da ke iya ɗaukar wasannin zamani shi ne kuma ke iya aikin haɗa bidiyon biki, da zanen gine-gine, da koyon rubuta manhaja. In an zaɓa da kyau, jari ne. Abin da muke so mu bayyana shi ne inda ya kamata kuɗin su tafi.

A FARA DA TAMBAYA ƊAYA

Irin wannan kwamfuta ba a cika sayenta dunƙule ba, haɗa ta ake yi gaɓa-gaɓa, kamar yadda mai injin niƙa kan sayi inji daban, bel daban, farantin niƙa daban. Saboda haka kafin a je kasuwa, tambayi yaron wane wasa zai yi. In ƙwallon ƙafa ne, watau eFootball ko EA Sports FC, wanda har zuwa 2023 ake kira FIFA, injin matsakaici ya isa. In kuwa manyan wasannin yaƙi ne irin su Call of Duty, sai an ƙara ƙarfi. Wanda bai iya amsa wannan tambaya ba, lokacin sayensa bai yi ba tukuna.

KATIN HOTO SHI NE DOKIN

Gaɓar da ta fi kowace muhimmanci ga wasa ita ce katin hoto, wanda masu gyara ke kira girafik. Shi ke zana duk abin da ido zai gani, kuma shi ya kamata ya ci kaso mafi girma na kuɗin. Sauran kaya sirdi ne da linzami, kuma ba a ɗora sirdin azurfa a kan doki gurgu. Ga mai farawa, katunan da aka fi sani su ne GeForce RTX 3060 na kamfanin Nvidia da Radeon RX 6600 na AMD, dukansu na 2021, sai RTX 4060 na 2023. A lura da cin wutarsu, domin a ƙasarmu ba ƙaramar magana ba ce: 3060 na jan wat 170, RX 6600 wat 132, shi kuwa 4060 wat 115 kurum.

Bayan kati sai ƙwaƙwalwar injin, watau furosesa. Core i5 na Intel ko Ryzen 5 na AMD ya wadatar, ba sai an haura zuwa i9 ba. Sai dai sunan i5 kaɗai ba ya nuna kome, gama akwai i5 na shekara goma da ta wuce, akwai na 'yan shekarun nan. A tambayi zubi na nawa ne. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ran 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta amince da furosesan Intel da ya gaza zubi na takwas ba.

Furosesa a kan babban faranti yake zama, wanda ake kira madabod, kuma kowane yana da irin mazauninsa. Na Intel ba ya shiga farantin AMD. Ko a cikin AMD ɗin ma, mazaunin AM4 daban, AM5 da ya fito a 2022 daban. Haka nan ram, watau wurin da injin ke ajiye aikin da yake kai: DDR4 ba ya shiga ramin DDR5 ko da ƙarfin tsiya. Giga 16 ya isa, kuma gara a sayi sanda biyu masu giga takwas-takwas da a sayi guda ɗaya, don injin ya fi gudu da biyu. Wajen ajiya kuma a nemi SSD, na giga 500 ko tera 1, domin wasa ɗaya na yanzu kan cinye fiye da giga 100.

ALLON KALLO

Kuskuren da aka fi yi a kan allon kallo, watau monita, shi ne zaton girmansa shi ne kyansa. Hoto ɗigo-ɗigo yake, kuma katin ne ke zana kowane ɗigo. Allo mai 1920 da 1080 yana da ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Wanda ake kira 4K kuwa ya ninka haka sau huɗu. In aka haɗa ƙaramin kati da allon 4K, kamar an ɗora wa jaki kayan raƙumi ne, hoton zai yi ta tsayawa yana tafiya. Ga katunan da muka ambata, allo mai inci 24 da ɗigo 1080 shi ne daidai.

Abu na biyu shi ne sau nawa allon ke sauya hoto a sakan ɗaya, wanda ake rubutawa da Hz a jikin kwalin. Allon ofis 60 yake yi. Na wasa kan yi 144 ko fiye, kuma bambancin a fili yake ga duk wanda ya gwada. In an sami mai rubutun IPS ya fi, launinsa ba ya dusashewa in an kalle shi ta gefe, abin da zai yi amfani ranar da abokai suka cika ɗaki, ko yaron ya fara aikin hoto. Kafin a biya, a sa mai kanti ya nuna allon fari fat, sa'an nan baƙi wuluk, a duba ko akwai mataccen ɗigo. Bayan an kai gida kuma, wayar allon a jikin katin hoto ake soka ta, ba a ramin madabod ba. Mutane da yawa sun yi watanni suna zagin kati mai tsada alhali ko aiki ba su sa shi ba.

ABIN DA JOS KE BAYARWA, DA ABIN DA TAKE KARƁA

Jos ba baƙuwar wannan sana'a ba ce, ko da yake ta bayan gida ta shige ta. Dalmar da ake liƙa ƙananan kayan da ke kan madabod, mafi yawanta kuza ce, irin wadda kakanninmu suka zo haƙa a tsaunukan Filato tun farkon ƙarni na ashirin. Saboda kuzar nan ne aka kafa kamfanin NESCO a 1929 don samar da lantarki daga ruwan Kurra.

Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyinsa alheri ne ga kwamfuta, don babban abokin gabanta zafi ne. Yaron Jos ba ya bukatar na'urar sanyaya mai ruwa da ake tallatawa da tsada, fankar da ta zo da furosesa da wasu biyu a jikin akwati sun isa. Amma ƙurar hunturu tana toshe fanka, saboda haka a nemi akwati mai raga, a ɗora shi kan tebur, a riƙa hure shi. Da damina kuma tsawar Filato ba ta wasa. In hadari ya taso, a zare waya daga bango.

Wannan ya kawo mu ga gaɓar da aka fi yi wa rowa, watau akwatin wuta da masu gyara ke kira fawa-fak. Shi ke karɓar wutar bango ya raba wa kowace gaɓa, in kuwa ya ƙone, sau da yawa ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja kati da madabod. A sayi na kamfanin da aka sani, mai wat 550 zuwa 650, mai tambarin 80 Plus. Sa'an nan a ware kuɗin UPS tun farko, don injin ya sami 'yan mintocin kashewa in an ɗauke wuta, da sitabilaiza in wutar unguwar mai hawa da sauka ce. Irin wannan kwamfuta tare da allonta kan ja wat 250 zuwa 300 lokacin wasa, watau wajen yunit ɗaya na mita cikin awa huɗu. Uba ya sa wannan a lissafin wata.

A IKKO ZA A SAYA KO A JOS?

Mu da ke Ikko muna kusa da Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba, inda kaya suka fi yawa, ciniki kuma ya fi faɗi. Kantunan Jos, irin na titin Ahmadu Bello, fa'idarsu ita ce in abu ya ɓaci yaro zai ɗauka ya mayar da ƙafarsa. Shawararmu ita ce a sayi ƙananan gaɓoɓi masu tsada a nan, watau kati da furosesa da ram da SSD, a bar akwati da UPS, da allon ma in akwai irinsa, a saya a can. Tafiyar kusan kilomita dubu a bayan motar dankali ba ta allon gilashi ba ce. In kuma dole a aika da injin a haɗe, a cire katin a naɗe shi daban, domin nauyinsa kan karya mazauninsa a gargada.

Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, jama'a da yawa sun koma ga kayan hannu, waɗanda a nan ake ce wa tokumbo. Ba laifi, amma a buɗe ido. A 2022, da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto, katuna masu yawa da suka yi aiki dare da rana sun kwararo kasuwannin duniya. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da sabon suna. Gani ya kori ji: a sa shi a inji a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z a ga sunansa na gaskiya, a kunna wasa na rabin awa, a saurari fanka, a duba ko hoto na yin zane-zane. A karɓi rasit mai lambar jikin katin da yawan kwanakin garanti. Fawa-fak da SSD kuwa, sababbi za a saya.

In kuɗi ba su kai ba, a rage a wajen akwati da fitilu da kujera mai ado, waɗannan ana iya ƙara su baɗi. Kada a rage a wajen wuta. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, in ji Hausawa. Kuma kafin mota ta tashi, a yi magana da yaron da mahaifiyarsa a kan lokacin wasa da lokacin karatu, gama sharaɗin da aka yi kafin kaya su iso ya fi wanda aka yi bayan an kunna. Allah ya yi wa zuriya albarka, ya sa guminmu na Kurmi ya amfane su, amin.