Gadon Jariri a Jikin Gadon Uwa: Kusa da Juna, Kowa da Shimfiɗarsa

Gabatarwa

Tun fil azal, uwa da jaririnta wuri ɗaya suke kwana a mafi yawan al'ummomin duniya. Haka abin yake a ƙasar Hausa, inda mai jego kan kwanta da ɗanta a gefenta domin ta shayar da shi cikin dare. Sai dai binciken likitoci ya nuna cewa wannan kusanci yana da amfani, kuma yana da haɗari. Domin a ci moriyar amfanin a kauce wa haɗarin ne aka ƙirƙiro wani ƙaramin gado wanda ake ɗaurawa a jikin gadon iyaye, ta yadda jariri zai kwana inda hannun uwarsa ke kaiwa, amma a kan shimfiɗarsa ta kansa.

Mutuwar Fuju'a ta Jarirai

A shekarar 1969, a wani taron masana da aka yi a birnin Siyatil na Amurka, aka laƙaba suna ga wata masifa da ta daɗe tana damun iyaye, wato a kwantar da jariri lafiya lau, a wayi gari ya rasu, a bincika kuma a rasa dalili. Wannan mutuwar fuju'a ta fi faɗa wa jarirai 'yan wata 2 zuwa wata 4, kuma mafi yawanta kan auku ne kafin jariri ya cika wata 6.

Binciken da aka gudanar a birnin Biristol na Ingila da kuma ƙasar Niyu Zilan a ƙarshen shekarun 1980 ya gano cewa kwantar da jariri rub da ciki yana daga cikin manyan abubuwan da ke jawo ta. Saboda haka Birtaniya ta soma yaƙin wayar da kan iyaye a 1991, Amurka ta bi sahu a 1994, aka riƙa kira da a kwantar da jarirai a rigingine. Cikin 'yan shekaru, yawan mace-macen ya ragu da fiye da rabi a ƙasashen biyu.

Me Ya Sa Gadon Manya Ke da Haɗari?

Amsar tana cikin ƙirar jikin jariri. Kansa babba ne, domin ya kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, alhali tsokar wuyansa ba ta yi ƙwari ba. Hanyar numfashinsa siririya ce. Idan fuskarsa ta nutse cikin katifa mai laushi ko matashin kai ko bargo, ba shi da ƙarfin ɗaga kai, sai ya yi ta shaƙar gurɓatacciyar iskar da ya fitar, iskar oksijin ta yi ta raguwa a jininsa. Haka nan yana iya maƙalewa tsakanin katifa da bango, ko babba ya danne shi cikin barci. Haɗarin yana ƙaruwa idan iyaye suna shan taba, ko sun sha maganin da ke sa barci mai nauyi, ko kuma jaririn bakwaini ne.

Amfanin Kusanci

Duk da haka, kai jariri wani ɗaki ba shi ne mafita ba. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, a shawarwarinta na 2016 da na 2022, ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa, amma a gadonsa daban, aƙalla tsawon wata 6 na farko, domin hakan yana iya rage haɗarin mutuwar fuju'a da kusan rabi. Uwa tana jin motsinsa, tana kuma saurin farkawa idan wani abu ya same shi.

Shayarwa ma tana amfana. Farfesa Helen Ball ta Jami'ar Duram da ke Ingila ta jagoranci wani gwaji a ɗakin masu haihuwa, wanda aka buga sakamakonsa a 2006. An raba matan gida uku: masu kwana gado ɗaya da jariransu, da waɗanda aka ɗaura wa ƙaramin gado a jikin nasu, da waɗanda aka ajiye wa gadon jariri a ware. Hotunan bidiyo da aka ɗauka cikin dare sun nuna cewa jariran rukuni biyu na farko sun fi na ukun yawan shan nono. Yawan tsotso kuwa shi ke sa jikin uwa ya ƙara samar da nono.

Yadda Ake Haɗa Gadajen Biyu

Wurin da gadajen biyu suka haɗu shi ne tushen haɗari. A 2015, wata jaririya 'yar mako 7 ta rasu a Ingila bayan wuyanta ya maƙale a kan gefen irin wannan gado da aka sauke rabi. Ƙa'idar da ƙasashen Turai suka sabunta a 2019 ta tanadi cewa gefen da ke jikin gadon iyaye ya kasance da shinge tsayayye mai tsayin aƙalla santimita 12. Ko sayen gadon aka yi, ko kafinta ya ƙera shi, wajibi ne a kiyaye waɗannan:

1. A ɗaure shi tamau a jikin katako ko ƙarfen babban gadon, a kuma riƙa duba ɗaurin kullum, domin juye-juyen masu barci yana sassauta shi.

2. Kada a bar rata tsakanin gadajen, kuma kada a cike rata da tawul ko matashin kai.

3. Tazarar da ke tsakanin sandunan gefe kada ta wuce santimita 6, don kada jikin jariri ya zurma kansa ya maƙale.

4. Katifar ta zama mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, daidai da faɗin gadon. Ban da zanen gado, kada a sa komai a ciki.

5. Bayan shayarwa a mayar da jariri wurinsa, a kwantar da shi a rigingine.

6. A daina amfani da gadon da zarar jariri ya fara juyawa ko yunƙurin zama, wato wajen wata 5 zuwa 6.

A ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yawaita, dole gidan sauro mai magani ya rufe gadajen biyu, a kuma soke bakinsa sosai don kada ya sauko kan fuskar jariri. A lokacin hunturu kuwa, gara a sa masa tufafi masu ɗumi da a lulluɓe shi da bargo, sannan a guji kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki.

Kammalawa

Ɗalibin da ke da ƙani ko ƙanwa a goye yana iya ɗaukar rula yau ya auna sandunan gadon jaririn, ya kuma zura hannu ya ji ko akwai rata a tsakanin katifun. Ɗan wannan aiki na minti biyu yana iya ceton rai. Hausawa dai sun ce, kowa ya kwana lafiya shi ya so.