Kujerun Fata a Jif ta Hannu: Abin da Ke Lalata Su da Yadda Ake Duba Su

Yawancin manyan jif-jif da ke yawo a titunan Kano, Kaduna da Maraɗi sun fara aiki ne a Amurka ko Turai kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas ko ta Kwatano. Ko Highlander ce, ko Lexus RX, ko Honda Pilot, da dillali ya gama yabon inji sai ka ji ya ce, "Alhaji, duba ciki, fata ce zalla." To, wace irin fata ce, kuma me tsufanta ke nunawa game da motar?

Ba fatar dukawa ba ce

Majemanmu da bagaruwa suke jima, shi ya sa fatarsu ke shan mai ta yi laushi. Ta mota kuwa ƙirgin saniya ne da akasari ake jeme shi da gishirin kuromiyam, hanyar da Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884. Bayan jima sai a fesa masa launi, a bi da wani siririn rufi na roba. Ke nan abin da hannu ke shafawa fenti ne, fatar tana ƙarƙashi. Kusan duk lalacewar da ake gani daga wannan rufin take farawa.

Sannan ba dukkan kujerar ce fata ba. A motoci da dama mazauni da majingina ne kaɗai fata, gefe da baya roba ce mai kama da ita. Wasu ma babu fata ko kaɗan: SofTex na Toyota, NuLuxe na Lexus da MB-Tex na Mercedes duk haɗin masana'anta ne. Wannan ba aibi ba ne, don wasunsu sun fi fata jure wahala, sai dai kada a biya kuɗin fata a kansu.

Inda ɓarna ke farawa

Jif doguwa ce. Mai hawa yana dafa gefen kujera ya ja jiki, mai sauka kuma yana zamewa ta kansa kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Saboda haka kafaɗar kujerar direba ta wajen ƙofa ce ke fara mutuwa: launi ya koɗe, fuska ta yi tamoji, ta tsattsage, soson ciki ya lotsa, daga nan ɗinki ya ɓalle.

Idan motar ta iso ƙasarmu sai rana ta karɓi aikin. Cikin motar da aka rufe a rana yana iya wuce digiri 60 na zafi, wanda ke busar da fata ya sandarar da roba. Ƙurar hunturu tana shiga cikin tamojin, duk zama sai ta ƙara goge fentin. Gumi da man gashi suna narkar da rufin matashin kai, rinin wandon jins ko na sabuwar shadda kuma yana zuba a kan kujera mai farin launi.

Abin da kujera ke tonawa

Ana iya mayar da mitar mota baya, amma kujera ba ta iya ƙarya. Idan mita ta nuna tafiya kaɗan, kujerar direba kuwa ta lotsa, fatar sitiyari ta yi sulɓi, akwai lauje cikin naɗi. Kujerar da ke ƙyalli fiye da 'yan uwanta, ko wadda 'yan ramukanta na shan iska suka toshe, fenti aka yi mata, kuma yakan soma ɓarewa bayan 'yan watanni.

Mafi haɗari ita ce motar ambaliya. Guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a Amurka, irin waɗannan kuma sukan bi ta gwanjo su ƙetare teku. Tura kujera baya ka haska ƙarfen da take gudu a kai. Tsatsa, busasshiyar laka ko warin ruma da aka danne da turare, duk alamun ruwa ne. Lambar jikin motar mai harufa da alƙaluma 17 tana ba da damar binciken tarihinta a intanet.

Gyara da kulawa

Masu ɗinkin kushin suna iya canza ɓangaren da ya yage su sa sabon soso. Sai dai a yi hattara: yawancin jif na zamani suna da jakar iska ta kariya a gefen kujera, kuma ɗinkin wurin an yi shi ne don ya yage idan an yi karo. Ɗinki mai tauri ko rigar kujera mai kauri na iya hana ta fitowa.

Kulawar yau da kullum ba ta da tsada. A ajiye mota a inuwa, a rufe gilashin gaba, a share ƙura da tsumma mai danshi. A guji fetur, omo da sinadarin wanke hannu, don suna cin rufin. Man shanu ko man gyaɗa ba ya ratsa fentin, ƙura kawai yake tarawa. Mai saye kuma ya duba kujerun da rana tsaka, ya zauna a kowacce, ya leƙa ƙarƙashinsu kafin ya biya kuɗi.