Gano Ɓoyayyun Bakteriya a Huhun Masu Sistik Faiburosis

Sistik faiburosis cuta ce ta gado da ta fi yawa a tsakanin Turawa. Tana sa majina ta yi kauri a huhu, har ta zama matattarar bakteriya. Likitoci kan karɓi kakin majiyyaci su raini ƙwayoyin da ke ciki. Bakteriyar Pseudomonas aeruginosa ba ta da wuyar ganewa, amma wasu sai an karanta sashen ƙwayar halittarsu mai suna 16S.

Irin wannan bincike ne ya fito da jinsin Pandoraea a shekarar 2000, wanda a da akan ɗauka Burkholderia ne. Kuskuren ba ƙarami ba ne, domin mai ɗauke da Burkholderia akan keɓe shi daga sauran majiyyata, wasu asibitocin ma kan ƙi yi masa dashen huhu.