Motocin Lantarki da Gasar Fizga: Abin da Ya Kamata Uwa Ta Lura da Shi

Tun bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, zancen motar lantarki ya shiga gidaje da yawa. Maigida na lissafin kuɗin mai, samarin gida kuma na kallon bidiyon da ake jera motoci a miƙaƙƙen titi, a ga wacce za ta riga. Ma'aunin da ake yawan amfani da shi ɗaya ne: sakan nawa mota ke ɗauka daga tsaye cak zuwa gudun kilomita 100 a awa. Wannan lissafi ya shafe ki, uwargida, domin yaranki ne ke bayan motar, ko kuma suna wasa a ƙofar gida.

Me ya sa take fizga haka?

Injin fetur sai ya ɗauki wuta tukuna kafin ya ba da cikakken ƙarfinsa, ana sauya giya ɗaya bayan ɗaya. Injin lantarki kuwa yana sakin ƙarfin juya taya nan take da an taɓa totur. Yawancin motocin lantarki giya ɗaya gare su, don haka babu ɗan jinkirin nan da direba ya saba da shi.

Ga yadda suke idan aka jera su. Rimac Nevera ta ƙasar Kuroshiya ta kai kilomita 100 cikin sakan 1.81 a shekarar 2023. Kamfanin Tesla na Amurka ya ce Model S Plaid, wadda ta fito a 2021, tana yi cikin sakan 2.1. Porsche Taycan Turbo GT ta Jamus tana bin su da sakan 2 da 'yan kai. A Suwizalan ma, ɗaliban jami'a sun ƙera wata 'yar ƙaramar motar gwaji da ta yi shi cikin ƙasa da sakan ɗaya a 2023.

Waɗannan na masu hannu da shuni ne. Na iyali fa? BYD Atto 3 ta ƙasar Sin tana ɗaukar sakan 7.3. Nissan Leaf da Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, suna ɗaukar kusan sakan 8. Toyota Corolla ta fetur da muka saba gani takan ɗauki sakan 9 zuwa 10 ko fiye. A doguwar hanya kuma labari ya kan sauya: ƙarshen gudun Atto 3 kilomita 160 ne, wanda motocin fetur da dama sun wuce shi. Ashe fifikon motar lantarki a mitocin farko yake, wato daidai cikin unguwa, bakin makaranta da bakin kasuwa.

Sauri, nauyi da shiru

Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowane sakan, kuma direba na buƙatar kimanin sakan ɗaya kafin ƙafarsa ta kai birki. Motar da ke kai 100 cikin sakan 3 ta riga ta kai 50 cikin kusan sakan ɗaya da rabi. Idan ƙafa ta zame, ko mai koyon tuƙi ya taka totur maimakon birki, babu lokacin gyara. Idan gudu ya ninka, ƙarfin bugun ninki huɗu yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Mu da muke aiki a asibiti mun san cewa inda mota ke bugun babba a ƙafa, yaro a ƙirji ko a kai take samunsa, saboda gajartarsa.

Na biyu shi ne nauyi. Batir abu ne mai nauyin gaske. GMC Hummer ta lantarki ta haura kilo 4,000, batirinta kaɗai ya kai nauyin wata ƙaramar mota, amma tana kai kusan kilomita 100 cikin sakan 3 da ɗoriya. A watan Janairun 2023, Jennifer Homendy, shugabar hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ta nuna damuwa a bainar jama'a kan irin wannan nauyi. Saurin tashi bai ba mota saurin tsayawa ba. Wannan aikin taya da birki ne.

Na uku shi ne shiru. Wani bincike da masana a Landan suka wallafa a 2024, kan haɗurran Birtaniya daga 2013 zuwa 2017, ya gano cewa motocin lantarki da masu haɗa fetur da lantarki sun ninka na fetur wajen buge masu tafiya a ƙasa, a cikin birni kuma ninki uku. Tun 2021 Tarayyar Turai ta wajabta wa kowace sabuwar motar lantarki ta riƙa fitar da sauti idan tana tafiya a hankali ko tana ja da baya. Tsofaffin da ake shigo mana da su na hannu ba lallai suna da wannan na'ura ba.

Idan za a saya a gidanki

Ki tambaya ko motar na da sautin gargaɗi, ki tsaya a waje ki saurara da kunnenki. Ki nemi a nuna miki tsarin rage fizga. Yawancinsu na da Eco, Tesla kuma na da Chill. A bar ta a kansa in dai cikin gari ne, ko matashi zai karɓi tuƙi. Hakan na rage jiri da amai ga yara, domin fizga da tsayawar bazata ne ke rikita ma'aunin daidaito da ke cikin kunne. Kowa ya ɗaura bel, jariri kuma a kujerarsa ta musamman a baya, ba a cinya ba. Kafin a tayar, a zagaya motar a duba.

Yaranmu sun taso suna gane mota da ƙararta. Yanzu sai mun koya musu cewa rashin jin ƙara ba ya nufin babu mota, su tsaya su duba dama da hagu. Motar lantarki na rage hayaƙi da kuɗin mai, kuma alheri ce idan an san halinta. Allah Ya tsare mana zuri'armu, amin.