Wanda Ya Suma, Kada A Tashe Shi Zaune

Da bazara ta kankama, zafi ya haura maki 40, labarin ba ya wuya daga Madarumfa har Ɗan Isa: yarinya ta zube a filin makaranta, dattijo ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa. Kafin wanda ya faɗi ya buɗe ido an gama yanke hukunci, wai iska ce ta buge shi. Sai a yi masa caa, a tashe shi zaune, wata ta kawo moɗa tana ɗura masa ruwa.

Tayar da shi zaunen nan ne ke ci mini rai. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a Jiratawa ya san in inji ya rage ƙarfi, fangalin da ke tudu ne ke fara bushewa. To, ƙwaƙwalwa ita ce fangalin tudu. Mutum ya daɗe tsaye a rana, gumi ya tsotse shi, bai karya kumallo ba, jini ya taru a ƙafafu. In ƙwaƙwalwa ta rasa jini na daƙiƙa goma kacal, sai duhu. Da ya faɗi, kai ya zo daidai da zuciya, jini ya koma. Ka zaunar da shi kuwa, ka sake mayar da fangalin tudu. A bar shi kwance, a ɗora ƙafafunsa bisa kujera, jama'a su ja baya ya sha iska. Ruwa sai ya dawo hayyacinsa sarai, don wanda ba ya iya haɗiya shaƙewa zai yi.

Akwai kuma suman da babu ruwansa da rana. Zuciya lugude take yi, wannan taɓarya ta sauka, waccan ta tashi, sau 60 zuwa 100 a minti ga babban da ke hutawa. In masu daka suka rikice, taɓare na karo da juna, ƙara na tashi amma gari ba ya fita. Irin wannan suman ba ya sallama. Yakan kayar da saurayi yana tsakar ƙwallo, ko ya zo wa mutum yana kwance, wani lokaci da bugun ƙirji ko ciwonsa. In a dangi akwai wanda ya rasu farat ɗaya da ƙuruciyarsa, abin ya ƙara nauyi. Haka mai jegon da ke haki, ƙafafunta sun kumbura: tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka nuna yadda ciwon zuciya bayan haihuwa ya yawaita a ƙasar Hausa. Waɗannan, a yi addu'a ana tafe, a kai su asibitin Madarumfa ko Maraɗi a ɗauki zanen bugun zuciya. Wanda numfashinsa ya ɗauke, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti.

Da hukumomin lafiya za su ware wuni guda kafin watan Afrilu, da kowane malamin makaranta a gundumar Madarumfa ya iya ɗora yatsu biyu a wuyan hannun ɗaliba yana ƙirga bugu da agogon wayarsa.