Matashin allura: abin da aka cusa ciki shi ne maganar

Ana saura mako guda Sallah, ko ana dab da 8 ga Maris lokacin da mata ke rububin kai ɗinkin atamfar bikinsu, ka leƙa rumfunan teloli a babbar kasuwar Garwa ka dubi inda suke ajiye fil da allura. Wani ya naɗe wuyan keken ɗinkinsa da tsumma ya soke su a jiki. Wani ya jera su a gaban rigarsa. Wani ya zuba su cikin murfin gwangwani, da an bugi tebur sai su watse. Da yawa kuma, idan ana gwada riga a jikin mai ita, a baki suke riƙe su, uku ko huɗu tsakanin leɓɓa, suna magana ta gefe guda. Duk wannan wahala, abin da zai ɗauke ta bai wuce girman dunƙulen hannu ba. Shi ne matashin allura: ɗan ƙunshin ƙyalle da aka cusa wa auduga ko makamancinta har ya yi tauri, a riƙa soka fil da allura a jikinsa, kai a waje, tsini a ciki.

Riƙon fil a baki shi ne ya fi tayar mini da hankali. Dariya, tari, atishawa, ko wani ya kira sunanka ka ja numfashi za ka amsa, shi ke nan fil ya wuce. Idan ya bi ta maƙogwaro ya faɗa hanyar iska, huhu zai nufa, kuma ba ya fitowa sai likita ya zura na'ura mai haske ya kamo shi, wani lokaci ma sai an yi tiyata. Likitoci a Turkiyya da Masar da Maroko sun rubuta rahotanni masu yawa a kan 'yan matan da suka shaƙe fil suna cikin gyara ɗankwali ko hijabi a gaban madubi. Idan hakan ta faru a gida ko a shago, kada a ce a tura masa lomar tuwo ko ayaba ta danna shi, kada kuma a sa shi amai. A tafi babban asibiti nan take a ɗauki hoto, ko da mutum bai ji ciwon komai ba. Allurar da ta faɗi ƙasa ma ba ta da sauƙi. A gidajenmu a kan tabarma ake ɗinki, yara na yawo ba takalmi, jariri na rarrafe. Allura takan karye cikin tafin ƙafa, kuma kowane huji mai zurfi ƙofa ce ga cutar tetanus, mai sa haƙora su sarƙe.

Abu uku ake nema daga matashi mai kyau: ya riƙe allura kada ta zame ko ta nutse, ya bar ta a bushe, kuma ya zauna inda aka ajiye shi. Na biyun ne ake mantawa da shi. Allura da fil ƙarfe ne da aka yi wa ɗan siririn rufi mai sheƙi, kuma da rufin ya karce, tsatsa ta samu hanya. Yanayinmu kuwa ba ya raga wa ƙarfe. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, hannu na zufa, gishirin zufar na zama a jikin allura. Damina ta sauka, musamman a Agusta, laima ta cika ɗaki, a bakin kogin Binuwai abin ya fi tsanani. Fil ɗaya mai tsatsa ya isa ya bar jan ɗigo a ƙirjin farar shaddar da mai ita ya kashe dubban sefa a kanta, kuma wanki da sabulu ba ya fitar da irin wannan tabo. Saboda haka kafin ka yi maganar launin ƙyalle ko surar matashin, fara tambayar me za a cusa ciki.

A nan arewacin Kamaru amsar farko tana gonakinmu. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, a Garwa hedkwatarsa take, kuma audugar da manoma ke kai masa tana haura tan 300,000 a shekara mai kyau. Daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, ko a gefen titi za ka tsinci wadda iska ta kaɗo daga manyan motoci. Auduga tana riƙe allura da kyau idan an danna ta sosai. Sharaɗinta biyu ne. Na farko, a cire guryar tas. Gurya mai ce da ita, daga gare ta ake tatso man girkin Diamaor, kuma idan ta zauna cikin matashi man zai biyo allura ya ɓata yadi, ga ɓera da ƙwari da za su biyo ƙamshinta. Na biyu, a shanya ta a rana wuni guda kafin a cusa, domin auduga tana shan laima ta riƙe. Wanda ba shi da ita a hannu, audugar da ake sayarwa a shagon magani ma ta yi, sai dai an wanke mata ɗan maiƙon da Allah Ya halicce ta da shi, shi ya sa ta fi saurin jan ruwa.

Ni dai audugar rimi na fi so, kuma ba ni na fara ba. Dubi lifidin da dawakan lamiɓe ke sawa ranar hawa a Garwa ko Rai Buba. Yadi ne biyu aka cusa wa auduga ko audugar rimi a tsakani, aka bi da ɗinki layi-layi don kada cikon ya taru wuri ɗaya, har ya yi kaurin da a zamanin yaƙi yake tare kibiya. Masu wannan sana'a sun san halin rimi. Zarensa yana da rami a ciki, bayansa kuma da santsi mai korar ruwa, shi ya sa a da Turawa suke cika rigunan ceton masu jirgin ruwa da shi. Allura takan shige shi sumul, ta fito a bushe. Aibinsa shi ne sulɓi: idan ba a danna shi sosai ba allura za ta nutse ta ɓace. Yana kuma kama wuta nan da nan, don haka a nisanta shi daga dutsen guga na gawayi. Haɗa shi da auduga rabi da rabi yana gyara sulɓin.

Littattafan ɗinki na ƙasashen sanyi suna yabon gashin tumaki, domin yana da wani maiƙo na halitta da ke kare ƙarfe daga tsatsa. Gaskiya ne, amma tumakinmu irin su uda da balami ba masu ulu ba ne. Mai son gwadawa sai ya nemi tsohuwar rigar sanyi a gwanjo, ya warware ta. A fara ƙona ɗan zare a gani. Idan ya yi ƙaurin gashi ya zama toka mai murjewa, ulu ne na gaske. Idan ya narke ya dunƙule, roba ce, za ta cika matashi amma ba za ta kare allura ba.

Sai maganar nauyi. Matashin da ba shi da nauyi, ka zo zare allura da hannu ɗaya sai ya biyo ka. Yashi ne maganin wannan, kuma da rani Binuwai takan janye ta bar shi fili guda. A tankaɗe shi, a wanke har ruwan ya fito fari, a shanya ya bushe ƙayau, a ɗaure shi cikin 'yar jaka mai ninki biyu, a sa a ƙasan matashin. A ƙasa kawai. Wasu suna cewa yashi yana wasa tsinin allura, amma abin da ya fi yi shi ne kankare rufin nan mai sheƙi. Garin katako daga wurin kafinta ma yana ba da tauri da nauyi idan ya bushe sosai, in dai ba na falankin da aka haɗa da gam ba ne.

Akwai abin da bai kamata ya shiga ba sam. Gero, dawa da shinkafa suna kiran ƙwari, kuma suna ruɓewa da damina. Soson katifa zafinmu yana cinye shi, ya ruburɓushe ko ya yi danƙo a jikin allura. Soson ƙarfe na wanke tukunya shi kansa tsatsa yake yi. Sabulu, wanda wasu ke soka allura a ciki don ta yi santsi, ya yi a goga a cire, amma kada allura ta kwana a cikinsa.

Bayan matashin kuwa, ƙyallen auduga zalla mai matsattsiyar saƙa ake so. Ragowar atamfa da aka wanke sitacinta ya fita ta yi, akoko ma ya yi, kuma shi ne irin yadin da masaƙar CICAM, kamfanin da aka kafa a 1965, ta saba saƙawa a nan Garwa kafin a kai Duwala a buga masa zane. Leshi da yadi mai miƙewa ba su dace ba, ciko zai riƙa fitowa. A guji mai ƙananan zane da launuka barkatai, domin kan fil yana ɓacewa a cikinsu. Launi ɗaya mai duhu ya fi nuna farin ƙarfe, musamman ga mai aiki da fitila bayan an ɗauke wuta.

Haɗa shi bai fi rabin awa ba. Samo ƙaramin gwangwanin tumatir, ka wanke, ka bushe shi, ka danne bakinsa da filaya ko ka naɗe da ƙyalle don kada ya yanke ka. Yanka ƙyalle zagaye, faɗinsa kamar santimita 16, ninki biyu ya fi ƙarko. Da zare mai ƙarfi, shi ma ninki biyu, ka bi gefen da dogon ɗinki, sannan ka ja zaren a hankali ƙyallen ya tattaru ya zama 'yar jaka. Ka fara cusa auduga kaɗan-kaɗan, kana dannawa da gindin fensir, kana juyawa don ko'ina ya samu. Lokacin da ka ga kamar ya cika, ƙara. Sai ka matsa shi da babban yatsa ka ji ya turo ka kamar ɗanyen lemo, sannan ka ja zaren ka ƙulle. Sa jakar yashi a gindin gwangwanin, ka tura dunƙulen a kai, ƙullin yana ƙasa, tudun yana leƙowa sama. Gwangwanin zai hana tsini huda ƙasa, zai kuma hana matashin mirginawa.

Mai gwada kaya a jikin mutane ya fi buƙatar na ɗaurawa a wuyan hannu, shi ne zai raba shi da riƙon fil a baki. Ana yin sa ƙarami, a ɗinke shi a jikin robar wando mai faɗi. Dole ne a sa abu mai tauri tsakanin cikon da fata, murfin robar ruwa ko guntun fata mai kauri daga wurin dukawa. Kwali ba ya isa, zufa za ta jiƙa shi, fil ya huda. Tsumman wuyan keke kuwa, ko Butterfly ce ko Singer, ban ce a jefar da shi yau ba, domin yana kusa da hannu. Amma yana shan man keke, tsinin fil yana karce fentin, zare kuma yana maƙalewa a kan fil ana cikin gudu.

Idan saye za ka yi, wanda ya fi yawa a shagunan kayan ɗinki shi ne ja mai surar tumatir, surar da ta yaɗu daga Ingila da Amurka tun ƙarni na 19. Wani yana zuwa da ɗan ƙaramin ƙunshi yana reto a gefe. A na asali, baƙin gari ne mai kaushi a ciki, irin wanda ake liƙawa a takardar goge ƙarfe, ana soka allura a zare sau biyu ko uku don goge datti da tsatsar da ta fara. Ba wurin ajiya ba ne. Kafin ka biya, matsa tumatirin. Idan ya lotse bai dawo ba, ko ka ji ƙarar farin kumfan da ake tare kayan lantarki da shi cikin kwali, bar shi. Akwai kuma faranti mai maganaɗisu, wanda ya fi komai saurin tsince fil daga ƙasa, sai dai ba ya rufe tsini, don haka bai dace da gidan da ke da ƙananan yara ba.

Masu aikin hannu mai ɗaukar makonni, irin su surfanin aska takwas, ɗinkin hula, ko haɗa guntayen ƙyallaye a yi shimfiɗar gado mai ciko, su ne suka fi asarar allura a cikin matashi, domin allura ba ta da kai kamar fil. Dabarar ita ce a bar ɗan zare tsawon yatsa a hancinta, a kuma soke ta a karkace. Ga mai keke, yana da kyau ya raba saman matashin gida-gida da biro, ya rubuta 11, 14, 16, 18, domin lambar da ke jikin allurar keke ba ta karantuwa sai da wahala, kuma allurar da ta ɗinka wandon jins ba ita za a sa wa lallausan yadi ba. A allurar keke, girman lamba shi ne kaurinta. A ta hannu kuwa akasin haka ne, babbar lamba ita ce siririya.

Allurar da ta karye ko ta lanƙwashe kada ta koma matashi, kada kuma a jefa ta cikin shara inda masu tsintar bola ke sa hannu. A ajiye tsohuwar kwalbar magani mai murfi a riƙa tara su, idan ta cika a rufe da kyau kafin a zubar. Shi kansa matashin, da damina ta wuce a zare masa fil duka, a shanya shi a rana. Sannan a ɗora shi a kan tebur, a danna daga sama da gindin cokali, ba da tafin hannu ba. Allurorin da suka nutse za su leƙo waje, a kamo su da filaya ɗaya bayan ɗaya. Idan suka fito da jan tabo a jiki, cikon ya sha laima, sai a farke matashin a sake masa sabo.