Yadda Masu Hawa Keke Za Su Kare Ƙafafunsu Daga Sanyin Hunturu

Gabatarwa

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa watan Fabrairu, iskar hunturu kan kaɗo daga arewa maso gabas ta ratsa Jihar Kano da sauran jihohin Arewacin Nijeriya. Iskar tana tasowa ne daga hamadar Sahara, kuma mafi yawan ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take fitowa. A watannin Disamba da Janairu, waɗanda a cikinsu ne sanyi ya fi tsanani, zafin iska a Kano kan sauka zuwa kimanin digiri 13 a ma'aunin Salshiyas da asuba, wasu ranakun ma har ƙasa da digiri 10.

A daidai wannan lokaci ne dubban jama'a suke fitowa a kan kekuna domin neman abin sakawa a bakin salati. Cikinsu akwai manoman rani da ke kai kayan lambu kasuwa, da ma'aikata, da masu gadi da ke komawa gida, da leburori, da ɗalibai, da iyayen da ke goya 'ya'yansu zuwa makaranta. Galibinsu sukan sa rigar sanyi da hula, wasu har da rawani, amma sai a ga ƙafa babu komai sai silifa. An shirya wannan bayani ne domin wayar da kan jama'a game da dalilin da ya sa ƙafar mai keke take saurin yin sanyi, da illar da ke tattare da hakan, da kuma matakai masu sauƙi da za a ɗauka.

Dalilin da ya sa ƙafa ta fi jin sanyi

Jikin ɗan Adam yana ƙoƙarin riƙe zafinsa na ciki a kan kimanin digiri 37. Idan sanyi ya taɓa fata, sai ƙananan jijiyoyin jini na hannu da ƙafa su tsuke, domin a tattala ɗumi ga zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa. Da yake yatsun ƙafa su ne mafi nisa daga zuciya, kuma ba su da tsoka mai yawa da za ta samar musu da ɗumi, su ne suke fara sandarewa.

Mai tafiya a ƙasa yana motsa tafin ƙafarsa da yatsunsa a kowane taku, wannan kuwa yana taimaka wa gudun jini. Shi kuwa mai keke, cinyarsa da ƙwaurinsa ne suke aiki, tafin ƙafar yana dafe a kan feda wuri guda. Saboda haka ne ake samun mutum yana gumi a baya da ƙirji, alhali yatsun ƙafarsa sun mutu don sanyi.

Dalili na biyu shi ne iska. Duk wanda ya hau keke yana ƙirƙira wa kansa iska, ko da gari ya yi tsit, kuma iskar tana kwashe ɗan ɗumin da ke lulluɓe da fata. Bisa ma'aunin da hukumomin yanayi na Amurka da Kanada suka fara amfani da shi a shekarar 2001, idan zafin gari digiri 10 ne kuma iska tana bugun mutum da gudun kilomita 20 a awa, fatar da ke buɗe za ta ji kamar digiri 7. Idan jaura ta fuskance shi har gudun iskar ya kai kilomita 40, zai ji kamar digiri 6.

Dalili na uku shi ne laima. Ruwa ya fi iska saurin janye zafi daga jiki da kimanin ninki 25. Ƙafar da ta jiƙe da gumi ko raɓa ko ruwan lambu, idan busasshiyar iskar hunturu ta buge ta, sanyinta kan ninka, tamkar yadda ruwan randa yake yin sanyi.

Illolin da ke tattare da hakan

Illa ta farko ita ce hatsari a kan titi. Ƙafar da ta sandare ba ta jin feda sosai, tana iya zamewa, kuma ba ta saurin dira ƙasa idan an ja birki ba shiri. Wannan na faruwa ne a lokacin da hazo ya rage wa direbobi ganin nesa.

Ta biyu ita ce kaushi da faso. Laimar iska kan ragu ƙwarai a hunturu, har ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Fatar diddige takan bushe ta tsage, ƙura ta shiga, wani lokaci har ta zama gyambo.

Ta uku ta shafi masu aikin ruwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, dubban sojojin da suka daɗe a cikin ramuka masu ruwa a Faransa da Beljiyam sun kamu da ciwon ƙafa mai kumburi da mutuwar fata, wasu har aka yanke musu ƙafa. Likitoci sun tabbatar da cewa wannan ciwo ba ya buƙatar ƙanƙara, domin yana iya kama ƙafar da ta daɗe a jiƙe ko da zafin gari ya kai digiri 15. Darasin da ke ciki ya shafi manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, da sauran masu shan ruwan madatsar Tiga, waɗanda kan shiga ruwa da sassafe sannan su hau keke da jiƙaƙƙiyar ƙafa.

Akwai kuma mutanen da hatsarin ya fi yawa a kansu. Mai ciwon suga da ya daɗe yana iya rasa jin ƙafarsa, ya yi rauni bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa har ya kai ga yankewa. Mai ciwon sikila kuwa, sanyi yana daga cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwon ƙashi mai tsanani. Haka nan tsofaffi da ƙananan yara ba su da juriyar sanyi irin ta matasa.

Safa da takalmi

Ka'idar da za a riƙe ita ce ƙafa ta kasance a bushe, a sake, kuma a tsare daga iska. Safar ulu ta fi dacewa, domin tana riƙe ɗumi ko da ta ɗan jiƙe, saɓanin ta auduga wadda ke shan gumi ta manne wa fata. Ana samun safar ulu da araha a wurin 'yan gwanjo na kasuwar Ƙofar Wambai da sauran kasuwanni. Wanda bai samu ba yana iya sa siririyar safa a ciki, ya ɗora mai kauri a kai.

Sai dai a kula da kyau, cusa safa biyu ko uku cikin takalmin da ya matse yana ƙara sanyi ne, domin yana danne jijiyoyi kuma yana kore iskar da ke tsakanin zare, wadda ita ce take riƙe ɗumi. Alamar takalmin da ya dace ita ce mutum ya iya motsa yatsunsa duka bayan ya sa safa. Yana da kyau a sayi wanda ya ɗara na kullum da lamba ɗaya, kuma kada a ɗaure igiyarsa tamau.

Takalmi sau-ciki na fata ya fi kambas mai huda-huda tare iska. Huffin fata da aka saba da shi tun kaka da kakanni shi ma yana da amfani a wannan fanni. Takalmin roba mai tsawo ya dace da aikin lambu, amma yana tara gumi, don haka idan an gama ban ruwa sai a cire shi, a goge ƙafa, a sa busasshiyar safa kafin a kama hanyar kasuwa. Wanda ba shi da hali yana iya rufe yatsunsa da 'yar leda a kan safa kafin ya sa takalmi, domin tana tare iska. Wannan dabara ta gajeriyar tafiya ce kawai, kuma wajibi ne a cire ledar da zarar an isa.

Kafin tafiya da kuma a kan hanya

Bayan alwalar sallar Asuba, a tsane ƙafa sosai, musamman tsakanin yatsu, sannan a shafa man kaɗanya ko basilin a diddige da tafin ƙafa. A fara tafiya da ƙafa mai ɗumi, domin da wuya ƙafar da ta bar gida da sanyi ta yi ɗumi a kan keke. A karya kumallo da abu mai zafi kamar koko ko kunu ko shayi. A rufe ƙirji da kai da gwiwa da idon sawu, domin idan gangar jiki ta sami ɗumi, jini yakan koma ƙafa. Shan taba yana tsuke jijiyoyin jini, saboda haka yana ƙara wa ƙafa sanyi.

Sanyi ya fi tsanani dab da fitowar rana. Wanda tafiyarsa ba ta gaggawa ba ce, zai fi masa kyau ya jinkirta har hantsi ya fara. A kan hanya a riƙa motsa yatsu a cikin takalmi. Idan ƙafa ta fara mutuwa, a sauka a tura keken na mintuna biyar, jini zai dawo.

Shi kansa keken yana buƙatar kulawa. Fedar da robarta ta zube, aka bar ƙarfen tsakiya kawai, tana danne tafin ƙafa, tana janye ɗumi, kuma tana sa zamewa. A kai wa mai gyara ya canza ta. Yaron da aka goya a baya ba ya tuƙi, don haka ya fi mai tuƙin jin sanyi. A sa masa safa da rufaffen takalmi, a kuma tabbatar ƙafarsa ba za ta shiga wayoyin taya ba.

Bayan an isa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne miƙa ƙafar da ta sandare a bakin wuta ko a kan kaskon gawayi. Fatar da ba ta ji tana iya ƙonewa mai ita bai farga ba. Abin da ya dace shi ne a cire takalmi, a lulluɓe ƙafar da bargo, ko a sa ta cikin ruwa mai ɗumi wanda aka gwada da gwiwar hannu. Masu ciwon suga su guji wuta da ruwan zafi baki ɗaya, su kuma riƙa duba tafin ƙafarsu kowace rana. Haka nan kada a shiga da garwashi cikin rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iskar guba marar wari wadda take kashe mutum cikin barci. Takalmin da ya jiƙe a cusa masa tsohuwar jarida, a ajiye shi inda iska ke ratsawa.

A hanzarta zuwa cibiyar lafiya mafi kusa idan ƙafa ta ci gaba da mutuwa bayan an ɗumama ta, ko yatsa ya canza launi, ko aka ga kumburi ko bororo, ko faso ya fara ruwa. A cikin birni akwai Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano domin larurar da ta fi ƙarfin ƙaramin asibiti.

Kammalawa

Ana kira ga jama'a da su riƙa sauraren hasashen da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya take fitarwa ta gidajen rediyo, su kuma shirya tun kafin sanyi ya shigo. Haka kuma ana kira ga iyaye da malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyin manoma a ƙananan hukumomi 44 na jihar nan da su isar da wannan bayani ga waɗanda bai kai gare su ba. Kuɗin safa biyu da gwangwanin man kaɗanya bai kai na jinyar gyambo ɗaya ba, kuma Hausawa sun ce riga-kafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.